Labarin Gandun Sarki A Ƙasar Kano, Da Yadda Dabbobi Suka Riƙe Gonakinsa

Matafiyan da suka ratsa ƙasar Kano a ƙarni na 19, kamar Bature Clapperton wanda ya iso a 1824, da Barth wanda ya iso a 1851, mutanen ƙasar suka san shi da sunan Abdulkarimu, duk sun ba da labarin yawan gonaki da ƙauyukan da ke kewaye da birni. Amma wanda ya san ƙasar ya san yawancinta jigawa ce, rairayi mai sauƙin noma, mai saurin gajiya. A wurare da yawa na Arewa, in gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura, a tafi a sari sabon daji. Kusa da birnin Kano kuwa mutane sun yi yawa, ba dajin da za a sara. Gona ɗaya a ke nomawa bana, a noma ta baɗi, ɗa ya gada wurin uba, jika ya gada wurin ɗa, ba ta kuwa mutu ba. Abin da ya riƙe ta shi ne taki, watau kashin shanu da tumaki da awaki da dawaki da jakuna, haɗe da toka da sharar gida. Ba a san takin zamani ba a lokacin, ba a san maganin feshi ba. Ba kuwa inda aka fi ganin wannan tsari sarai kamar gandayen sarki, domin a nan ne gona mai faɗi da garke mai yawa da ma'aikata masu yawa suka taru ƙarƙashin hannu ɗaya.

Asalin Gandu

Gandu a bakin talaka shi ne babbar gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa da ƙannensa su ke nomawa tare, su ci daga rumbu ɗaya. Gandun sarki kuwa gona ce ta sarauta, ba ta mutumin da ke kan gado ba; in sarki ya rasu, wanda ya gaje shi ya gaje ta. Bayi ne ke nomanta, ƙauyen da su ke zaune kuwa shi a ke kira rinji.

Al'adar tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, Galadima Dauda ya kafa garuruwa 21 ya zuba bayi dubu a kowane ɗaya. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Filani suka fara shigowa daga Mali. Sa'an nan a zamanin Kutumbi, 1623 zuwa 1648, aka fara karɓar jangali. Littafin ya ƙidaya shanu 100 daga Jafunawa, 70 daga Ba'awa, 60 daga Dindi Maji, 50 daga Danneji, ban da sauran. Da shanun suka taru, Kutumbi ya ɗanka su hannun wani bawansa mai suna Ibo, ya naɗa shi Sarkin Shanu. Tun daga nan fadar Kano ta sami garkenta, da mai sarautar da ke lura da shi.

Bayan jihadi gandaye suka ƙaru. Sarki Ibrahim Dabo ya hau a 1819, ya tarar da tawaye ta ko'ina, mafi tsanani kuwa na Ɗan Tunku daga arewa. Sai ya ƙarfafa Fanisau, arewa da birni, ya mai da ita ribaɗi, ya gina gida a can. A nan Clapperton ya same shi a 1824 yana shirin yaƙi. Ribaɗi ba ya zaunuwa sai da abinci, dawakin yaƙi ba sa tsayuwa sai da dawa da ciyawa, saboda haka aka zuba bayi kewaye da garin suna noma. Haka aka yi a Ɗorayi da Gogel da Takai. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, shi ya gina Nasarawa gabas da birni da gandunta, yaƙe-yaƙen da aka yi da Ningi a zamaninsa kuwa suka ƙara yawan kamammu.

Masu Riƙon Gandu

Sarki ba ya zuwa gona ya tsaya kan ma'aikata. Manyan bayin fada, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ne gandaye ke ƙarƙashinsu, kowa da nasa rabo. A can rinji akwai sarkin gandu, shi ke raba aiki da safe, shi ke riƙe da lissafin damman da suka shiga rumbu, shi ke hukunta wanda ya yi lalaci. Waɗanda aka haifa cikin bauta a ke kira cucanawa, sun tashi da Hausa da Musulunci, su aka fi amince wa da riƙon rumbu da dabbobi. Sababbin kamu su ke ɗaukar aikin da ya fi nauyi.

Al'adar rinji a ƙasar Hausa ita ce bawa ya yi aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, a kawo masa abinci a gona. Abin da ya rage na yini nasa ne, da ranar Jumma'a, ya noma 'yar gayaunarsa, ko ya yi saƙa, ko itace, ko kiwon akuyarsa. Daga nan waɗansu su kan tara abin da za su fanshi kansu. Kada a ɗauka wannan sauƙi ya mai da bauta wani abu dabam. Mutumin da aka kamo daga garinsu, aka raba shi da iyayensa, ba shi da ikon tashi, ana kuwa iya dukansa ko a sayar da shi in ya ƙi aiki. Duk albarkar da za a ambata a gaba, da gumin waɗannan mutane aka same ta.

Bazara

Shekarar gandu daga bazara ta ke farawa, watau wajen watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, rijiyoyi suka ja baya. Aikin farko sassabe da shara. A sare ƙananan tsiron da suka fito, a tono tushiyar karan bara, a tara a ƙone, tokar ta koma ƙasa. Manyan itatuwa masu amfani, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, ba mai taɓa su.

Sa'an nan a shiga jigilar taki, aikin da ya fi kowane cin lokaci. Shekara guda ana tara shi: kashin dawaki daga bargar sarki, na tumaki da awaki daga turke, toka daga murhu, shara daga juji. A loda a mangala, jaki ya ɗauka, yara na kora. Jakunan da suka kai itace da hatsi birni da safe, da taki su ke komowa da yamma, har juji ya zama abin saye da sayarwa a Kano. A gona a kan zube shi tsibi-tsibi a jere, taku kaɗan tsakani, a bar shi sai ruwa ya kusa a baza. Sarkin gandun da ya san aikinsa ba ya raba taki daidai wa daida. Ya kan bi gona ya duba inda dawar bara ta yi ja ta tsuguna, da inda ƙuduji ya fito, watau wuta-wuta, gama wannan ciyawa ita ce shaidar ƙasa ta gaji; nan a ke fara zubawa.

Ga dabbobi kuwa bazara ita ce lokacin wuya. Kara ya ƙare, ciyawa ta bushe ta zama ƙura, saniya ta rame har a ƙirga haƙarƙarinta, nono ya ɗauke. A nan gawo ke nuna amfaninsa. Shi dai itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: da damina ya ke zubar da ganye, da rani ya yi kore ya yi 'ya'ya. Saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuwa shanu su ci a lokacin da ba wani abinci. Suna tsaye ƙarƙashinsa suna sheƙa inuwa, suna zubar da kashi. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na sauran gona tsawo. Harawar da aka ɓoye bisa rassan itatuwa tun kaka, yanzu a ke sauko da ita kaɗan-kaɗan, a fara ba dawaki da shanun tatsa da raguna.

In hadari ya fara haɗuwa gabas, waɗansu su kan yi binne, watau su shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Caca ce. In ruwan fari ya yi ƙarfi, mai binne ya riga kowa cin sabon gero. In yayyafi ne kawai, iri ya tsiro ya ƙone, a sake shuka.

Damina

Ruwan Kano duka cikin wata huɗu zuwa biyar ya ke sauka, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta. Malamai na lissafta damina da taurari bakwai, Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, kowane kwana 13, ban da Jabaha mai 14. Ranar da aka yi ruwan shuka, ba mai zama gida. Maza na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gero a ke fara shukawa, sa'an nan dawa, farfara ko ƙaura, a tsakanin layukansa. In sun tashi, a sa wake a ƙarƙashi. Gyaɗa da auduga da baba na rini suna da nasu fili.

Wannan haɗa iri a gona ɗaya hikima ce babba. Gero ya kan nuna da wuri ya ba dawa wuri. In fari ya kashe ɗaya, ɗaya ya tsira. Wake ya shimfiɗu ya rufe ƙasa, ya hana ruwa kwashe ta. Masana aikin gona sun gano daga baya cewa ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake da gyaɗa suna ɗauke da waɗansu ƙwayoyi masu jawo abincin shuka daga iska su sa a ƙasa. Manoman gandu ba su san sunan ƙwayoyin ba, amma sun san dawar da ta bi bayan gyaɗa ta fi kyau.

Daga shuka sai noman fari, sai maimai, sai huɗa da garma. A manyan gandaye ma'aikata kan jeru sahu guda, makaɗa na bayansu da gangar noma suna zuga gwanaye. Lokacin kuwa shi ne na ƙarancin abinci, rumbun bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, ga sauro ga zazzaɓi, ga kurkunu mai kwantar da ƙato a tsakiyar aiki.

Da an yi shuka, zaman dabbobi ya sake. Tumaki da awaki a ɗaure su a turke cikin gida, yara su yiwo musu ciyawar da aka nome. A wannan ɗauri ne takin baɗi ke taruwa, domin duk abin da suka ci a wuri ɗaya su ke zubar da shi. Masu yankan ciyawa su yi ta kai wa dawakin fada ɗanya kullum. Manyan garkuna kuwa dole su bar gonaki. Makiyaya su bi burtali, hanyar da aka keɓe tsakanin gonaki aka shinge ta da aguwa ko ƙaya, su fita zuwa mashekari a daji, inda za su yi damina. A nan shanu ke murmurewa, farfaru irin Bunaji da jajaye irin Rahaji, su yi ƙiba, su haihu, nono ya yawaita. A kan kai su lasar kanwa. Makiyayi na tsoron kudu da damina saboda ƙudan tsando mai kawo sammore, yana kuma tsoron gyauron dawa, gama ɗanyen tsironta ya kan kashe saniya. Da damina kuma a ke ƙirgar jangali, tun da a lokacin ne garke ke zaune wuri ɗaya.

Shari'ar Ɓarna

Tun da gona da garke maƙwabta ne, ba a rasa ɓarna. Shari'a ba ta bar wannan ga ƙarfin damtse ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane alƙali da muhutinsa suka karanta, ta hukunta cewa abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare, biyansa na kan masu su, ɓarnar rana kuwa ba kome a kansu. Dalili shi ne tsaron gona da rana aikin mai gona ne, tsare dabba da dare aikin mai dabba ne. Muhtasar na Halilu ya ƙara bayani: sauƙin nan na rana sai in an sake su nesa da gonaki ba makiyayi tare da su, in ba haka ba, biya na kan makiyayi. In ƙara ta zo, a aiki dattawa masu sanin gona su duba su ƙiyasta, a biya da dami ko da kuɗi. Haka nan manomin da ya ci burtali ko ya toshe mashaya, shi ma mai laifi ne, a kan sa shi ya janye shingensa. Adalcin nan mai fuska biyu shi ne ya sa makiyayi ya yarda ya komo da kaka.

Kaka

Gero ke fara nuna, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, yara su gasa tumu, yunwar damina ta karye. A kwantar da karansa, a yanke zangarniya, a ɗaure dami. Kafin dawa ta bushe a kan zage ganyenta na ƙasa, shi ne karmami, a ajiye wa dabbobi. Sa'an nan a cire gyaɗa, a roro wake. Ganyensu ba a barinsa rana ta cinye. A naɗe shi tun yana da sauran kore, a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki inda akuya ba ta kaiwa. Ita ce harawa, ba abincin dabba da ya fi ta daraja. Dawa ke zuwa ƙarshe, wajen Nuwamba, in iskar hunturu ta fara busawa.

Sarkin gandu ya tsaya a ƙirga dammai a gabansa. A fid da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka yi wa ban ruwa da hannu. Ta dabbobi kuwa, shanu 30 maraƙi, 40 saniya, tumaki ko awaki 40 guda ɗaya. Saura a zuba a rumbuna, a riƙa ɗiba ana kai wa fada bisa jakuna, domin ciyar da gidan sarki da baƙi da malamai da dawaki, a kuma ajiye wani saboda shekarar yunwa ko ta yaƙi. Kaka ce lokacin aure da biki, da kalankuwa da dambe da kokawa. Ko a rinji a kan sami 'yan kwanakin sararawa.

Hunturu Da Rani

Da an kwashe amfanin gona, sai a saki dabbobi, garkuna su komo daga mashekari. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin duka. Makiyayi ya sauka a gona da iznin mai ita, ya kafa bukka, shanu su ci kara da ganye da yini, su kwana a wuri ɗaya da dare. Bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har a bi gonar duka. Kashi da fitsari su shiga ƙasa, kofato ya tattake kara ya farfasa shi, gara ta ja ragowar ta kai ƙarƙashi. Mai gona ba ya karɓar kome wurin makiyayi, shi ne ma ke ba shi dammai na hatsi, wani lokaci ya haƙa masa rijiya, don ya daɗe. Matan Filani su kai nono da man shanu rinji da kasuwa, su komo da gero. Gandun sarki ya fi gonar talaka samun wannan, domin yana da garken fada, yana da rijiyoyi, yana da faɗin da zai riƙe shanu wata da watanni. Har ƙurar da hunturu ke kawowa daga hamada, bincike ya nuna tana ƙara wa ƙasar Kano ɗan abinci kowace shekara.

Rani ba hutu ba ne ga mutanen gandu. Akwai sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi da dusa su tafi wurin dabbobi. Akwai yankan shuci da gyaran rumbu da danga, da yaɓen gidan sarki da ganuwa. Inda akwai fadama, a kafa jigo a yi lambun albasa da alkama. A ɗaure raguna a yi musu kiwon turke da harawa da dusa saboda Layya. Fatun awaki su tafi majema, daga can su bi ayari su ƙetare hamada. Kafin a farga zafi ya komo, an fara ɗaure wa jakuna mangala.

Shekarun Jarraba

Wajen 1891 annobar bushiya ta iso daga gabas, ta kashe mafi yawan shanun ƙasashen nan, Filani suka sa wa shekarar suna Sannu. Garken da ya mutu, takinsa ya mutu tare da shi. Ba a farfaɗo ba sai basasar Kano ta tashi a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, Takai kuwa ita ce sansanin Yusufawa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Mai riƙe da gari a ranar shi ne Sarkin Shanu, ya tsaya ya yi yaƙi a gidan sarki har aka kashe shi.

Turawa suka rufe kasuwar bayi. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Bayi da yawa suka gudu a shekarun farko, waɗansu suka bi ta ɗakin alƙali suka yi murgu, suka biya fansa, aka rubuta musu takarda. A 1926, shekarar da Sarki Abdullahi Bayero ya hau, aka kawar da ikon manyan bayin fada daga sha'anin mulki, a 1936 kuma doka ta kashe bauta ɗungum. Ga shi kuma an kafa Baitulmali, sarki da hakimai da ma'aikata sun koma karɓar albashi, fada ba ta dogara ga rumbun rinji kamar da ba. Gandaye suka yi ta tsukewa, zuriyar waɗanda suka noma su suka zama manoman kansu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Gyaɗa ta kawo kuɗi, ta kuma ƙara harawa, amma kowane buhun da ya tafi Ikko ya tafi da wani abu na ƙarfin ƙasa wanda ba zai komo ba. Ruwa ya ƙi a 1913, aka yi yunwar da mutane da yawa suka kira Kakalaba a 1914.

Zamanin En'e

Aikin da sarkin gandu da Sarkin Shanu suka riƙa yi wa fada, ma'aikatan En'e ne suka gaje shi, suka yi wa ƙasa duka. An buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, ɗakin binciken ciwon dabbobi a Vom a 1924, gonar shanu a Shika a 1928. Malaman dabbobi suka kafa sansanin allurar bushiya. Da fari Filani suka riƙa ɓoye shanu, suna zaton dabarar ƙirgar jangali ce, sai da suka ga garken da aka yi wa allura ya tsira suka riƙa kawowa da kansu. Yaƙin ya daɗe: an yi babban gangami tare da Nijar da Kamaru da Cadi daga 1962, cutar ta sake ɓarkewa a 1983, sai a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya.

Daga 1928 Ma'aikatar Gona, ƙarƙashin shugabanta Faulkner, ta fara koya wa mutane noma da shanu. En'e ta ba manomi rancen bijimai biyu da garma, ya biya a hankali cikin shekaru. Sharaɗi shi ne ya ajiye su a garke, ya shimfiɗa musu ciyawa, ya tara takin ya kai gona. Hakimai da dagatai da ma'aikatan En'e na cikin waɗanda suka fara karɓa. Garmar sabuwa ce, amma sharaɗin tsohon darasin gandu ne. A shekarun nan ne kuma a Ingila waɗansu masana, irin su Albert Howard wanda ya yi aiki a Indiya ya fid da littafinsa a 1940, suka tashi suna kira a koma ga noma da takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, abin da jakunan Kano suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi.

A 1950 aka fara wani dogon gwaji a Samaru, aka jera filaye, wani a sa masa kashin shanu, wani takin zamani, wani duka biyu, shekara bayan shekara. Abin da ya bayyana shi ne filin da aka daɗe ana ba takin zamani kaɗai ƙasarsa ta yi tsami, amfaninsa ya ja baya, wanda aka haɗa masa da kashin shanu kuwa ya riƙe ƙarfinsa.

Abin Da Ya Rage

An yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa a 1965. A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a shekarar kuma gwamnati ta shiga raba takin zamani da rahusa. Birni ya faɗaɗa ya haɗiye Nasarawa da Ɗorayi da Gandun Albasa, sun zama unguwanni. Sunayen Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau sun wanzu a hawan Sallah. Manomi ya koma kwashe karansa da harawarsa ya sayar, burtali da yawa an nome su, makiyayin da a da a ke ba dami don ya sauka, yau a wurare da yawa korarsa a ke yi, har abin ya kai ga zubar da jini. Duk da haka a ƙauyukan da ke kewaye da Kano har yanzu ana ɗaure tumaki da damina, ana kai taki gona da bazara, ko da ya ke amalanke da mota sun karɓi yawancin aikin jaki.

Gandun sarki ya tafi, ba kuwa mai fatan bautar da ta riƙe shi ta komo. Amma lissafinsa bai sake ba. Abin da gona ta ba dabba da kaka, dabba ta mayar mata da rani, ba ta kuwa iya mayarwa sai an bar mata hanyar shiga da ta fita da wurin shan ruwa. Tsare wannan hanya bai taɓa zama aikin manomi ko na makiyayi su kaɗai ba. Aikin mai unguwa ne da dagaci da hakimi, da malamin gona da malamin dabbobi, da alƙalin da ke auna ɓarnar dare da ta rana da ma'auni ɗaya, ko gonar ta sarki ce ko ta talaka. Allah ya jiƙan waɗanda suka yi wannan aiki, da waɗanda aka rubuta sunayensu da waɗanda ba a rubuta ba, ya ba ƙasa damina mai albarka.